Shekarar da Na Rubuta Zazzaɓi

Labarin 'yata ta fari zan bayar, da yadda hannuna ya shiga cikin rasuwarta. Na daɗe ina kewaye shi. Yanzu tsufa ya zo, waɗanda zan ji kunyarsu duk sun riga ni gidan gaskiya, saboda haka bari in faɗe shi yadda yake.

A zamanin Turawa, bayan an gama babban yaƙin nan da aka kwashi samari zuwa Bama, ni ne malamin asibiti a wani gari tsakanin Makarfi da Kudan. Ba zan kama sunan garin ba, domin jikokin mutanen suna nan, kuma ba su yi mini komai ba. Asibiti muke ce masa don a ba shi girma, amma ɗaki ɗaya ne na En'e mai rufin kwano, da rumfa a gaba inda marasa lafiya ke jira, da kabad guda na magani. Ni ne likitan, ni ne mai wanke gyambo, ni ne kuma mai faɗa da masu kwance bandejin da na ɗaura musu su je su ɗaure akuya da shi.

Abin da ke cikin kabad ɗin bai taka kara ya karya ba. Kwinin ne, da aidin, da man gelo, da maganin tari da na ƙazuwa, sai auduga da bandeji. Kuma ba ni nake zaɓa ba. Akwai wani babban littafi mai baƙin bango da nake rubuta duk wanda ya zo, da inda ya fito, da ciwon da ya kawo shi. Ƙarshen wata in tattara cututtukan a takarda ɗaya, in kai tashar jirgi ta Gimi, ta tafi Zariya wurin Likita, wato Baturen da ke duba dukan ɗakunan shan magani na ƙasarmu. Shi ba ya ganin marasa lafiyarmu sai in ya fito rangadi, sau ɗaya ko biyu a shekara. Takardunmu yake gani. Ciwon da takardarka ta ce yana damun mutanenka, maganinsa za a auno maka daga sito. Ni kuwa Allah ya ba ni kyan rubutu, har Likita ya taɓa ɗaga littafina ya nuna wa wasu malaman ya ce su yi koyi. Kaina ya kumbura ranar, ba zan ɓoye ba.

Likitan nan mutum ne mai wuyar sha'ani a kan magani. Da akwai wani jan ruwa mai ɗaci da muke bayarwa, tsofaffin gari suna sonsa kamar me. Mutum ya zo lafiyarsa ƙalau, ya ce jikinsa ne ba daɗi, a tsiyaya masa ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya tafi yana sa albarka. Rana ɗaya aka daina aiko shi. Na sha tsiya a bakin tsofaffin nan. Wani mai injin matse rake, kullum ya gan ni sai ya tambaye ni ko ni da Bature ne muka shanye jan a ɓoye. Da Likita ya zo na kai masa kukansu. Ya ce likitoci sun gwada shi, sun ba wasu sun hana wasu, suka zuba ido, ba su ga bambanci ba, suka rubuta, shi kuma ya karanta. Ya ce kabad ɗina ƙarami ne, duk abin da zai zauna a ciki sai an ga aikinsa da ido. Na ce to, ranka ya daɗe. A raina kuwa na ce rowa ce aka ɗinka wa riga.

Yarinyar tana da shekara bakwai a lokacin. Tun da aka yaye ta tana wurin mahaifiyata a wajen Paki, sai da tsohuwar ta rasu aka dawo mana da ita. Ta zo mana kamar baƙuwa, mu ma muka riƙe ta kamar baƙuwa, don 'yar fari ce, kuma a wurinmu ba a nuna wa ɗan fari so a gaban mutane. Uwarta ba ta kiran sunanta, sai dai ta ce ke, ko yarinyar nan. Ni ma haka. Ita kuma Malam take ce mini, yadda ta ji duk gari na faɗi. Tana da wushirya da surutun tsiya, ga son kwalabe. Duk kwalbar da ta zama fanko a asibiti sai na sa ta a aljihu, in shigo gida in ajiye a gindin randa kamar mantawa na yi. In na sayo mazarƙwaila, maƙwabciyarmu nake ba in ce ta raba wa yara, alhali na san wadda nake nufi. Ban taɓa ɗaukarta a kafaɗa ba. Ina sonta fiye da yadda zan iya faɗa, kuma ban taɓa faɗa ba.

To, sai sanƙarau. Wanda bai ga zamanin ba ba zai gane tsoron da ake yi masa ba. Da bazara yake zuwa, lokacin da zafi ya kai intaha kafin ruwa ya sauka. Mutum ya tashi da zazzaɓi da ciwon kai, kafin ka ankara wuya ya sandare, kwana biyu ko uku a kai shi. A lokacin ba mu da maganinsa ko kaɗan. Abin da hukuma ke yi, da zarar takarda ta nuna ya shiga gari, sai a turo duba-gari da 'yan doka. A kafa bukkoki a bayan gari a kwashe marasa lafiya a kai can, a rufe kasuwa, a hana taro, jana'iza ma sai mutum kaɗan. Mutanenmu sun fi tsoron bukkokin nan a kan ciwon kansa. Mutuwa kowa ya san tana nan tafe. Amma a ce tsohuwarka ta cika a bukka bayan gari, ba mai ɗiga mata ruwa a baki, ba mai tuna mata kalmar shahada, sannan a binne ta da mutum huɗu kamar wadda ba ta da kowa, wannan ne ba su iya ɗauka.

Wata bazara ya shigo mana. Ya fara da unguwar maƙera, ya tsallaka wata ruga, ya dawo cikin gari. Da wata ya kusa ƙarewa sai dagaci ya aiko kirana bayan la'asar. Dattijo ne mai sanyin magana, shi ya ba ni gidan da nake ciki, shi ya tsaya mini lokacin da aka yi mini sata. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, ya sake tambayar iyali. Sannan ya sallami waɗanda ke zauren.

Ya ce, "Malam, kai ɗa ne a garin nan, ba baƙo ba. Mutanen nan da suka kwanta, ba zazzaɓi suke yi ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai zazzaɓi a ciki."

Ya ce, "To, ka taimake mu. Ka rufa mana asiri, Allah ya rufa maka."

Bai tilasta ni ba. Na fito ina lissafi a raina. Magani dai babu. In na rubuta sanƙarau, me zai zo mana daga Zariya in ba 'yan doka da bukkoki ba? Wanda zai mutu zai mutu, gara ya mutu a ɗakinsa a hannun danginsa. Na zauna da kyakkyawan rubutun nan nawa, duk inda ya kamata in sa sanƙarau na sa zazzaɓi. Haka na yi wata biyu, har ruwa ya sauka ciwon ya ɗauke.

Gari ya san abin da na yi, aka yi ta gode mini ba tare da an ambaci dalili ba. Wannan ya aiko da rake, wancan da kaza, Fulani suka riƙa ajiye mini ƙwaryar nono a ƙofar gida. Na ɗauki kaina mutumin kirki. Akwai wani abokin karatuna da ke riƙe da irin ɗakin nan a wani gari ta wajen Ikara. Shi gaskiya ya rubuta, aka kafa musu bukkoki, mutanen garin suka daina amsa gaisuwarsa, matarsa ko wuta ta je ɗiba sai a ce ta mutu. Da na ji labari dariya na yi, na ce wannan ya cika son a ce ɗan Bature ne.

Bayan kaka, ana cikin matsar rake, Likita ya zo rangadi. Aka sa masa kujera a rumfa, dagaci da mutanensa suna tsaye a gefe. Ya buɗe littafina yana bi shafi-shafi, sai ya ɗago ya ce yana da albishir. An samu ƙwayar da ke maganin sanƙarau. Ya ce an gwada ta a wurare da dama, an ga cewa mafi yawan waɗanda aka ba da wuri suna tashi, shi ma ya gani da idonsa. Amma ba ta da yawa, ba za ta isa kowane ɗaki ba. Saboda haka ya shimfiɗa takardunmu na bazarar da ta wuce a kan tebur, ya duba garuruwan da ciwon ya shiga, can zai fara aikawa, don inda ya sauka bara nan ya fi komawa. Ya ce ni garina Allah ya tsare shi. Sai dai ya ga zazzaɓi ya yi mana ɓarna ba kaɗan ba, kuma bai yi mamaki ba, tunda ga fadamar rake ga sauro. Zai ƙara mini kwinin.

Sannan ya rufe littafin ya dube ni, ya tambaya da Hausarsa mai tsamin nan, "Malam, akwai abin da ka gani wanda bai shiga littafi ba?"

Ina jin numfashin dagaci a bayana. Na san in na buɗe baki na kunyata dattijon nan a gaban talakawansa, na kuma gaya wa Bature cewa littafin da ya ɗaga ya nuna wa mutane ƙarya ce a ciki. Aiki zai tafi, mutunci ya bi shi. Na ce, "Babu, ranka ya daɗe."

Ƙaryar farko ina iya cewa tausayi ne ya sa ni, kuma ban san za a samu magani ba. Wannan ta biyu ba ni da abin da zan lulluɓe ta da shi. Tsoro ne da girman kai. Na san abin da amsata za ta hana mu, a gabana aka faɗa. Bayan ya tafi na ce zan rubuta masa wasiƙa a asirce. Na ce sai an gama rake, sai an yi salla, sai na samu kalmomin da suka dace. Daga baya na lallashi kaina cewa sanƙarau ba ya bin gari ɗaya shekara biyu a jere, maganar da ban taɓa ji daga bakin kowa ba. Kwinin kuwa ya zo, akwati guda, har sai da na jera wasu kwalaben a ƙasa don kabad ya cika.

Da bazara ta dawo, 'yata ce ta biyu da sanƙarau ya kama a garin. Wata safiya da hantsi ina wanke wa wani gyambo, maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce ana nemana a gida, yarinya tana amai tana kukan kai. Na tarar da ita kwance ta juya wa ƙofa baya, ba ta son haske. Jikinta kamar garwashi. Na sa hannu a ƙeyarta na ɗaga don haɓarta ta taɓa ƙirji, sai duk jikin ya taso tare kamar itace, ta yi ƙara. Uwarta tana tsaye daga bakin ƙofa, ta tambaye ni ko zazzaɓi ne. Na koma asibiti na buɗe kabad na tsaya ina kallon kwalaben kwinin.

A tsaye na rubuta wasiƙar da na yi wata huɗu ina neman kalmominta. Ba ta fi layi shida ba, kuma rubutun kamar na ɗan koyo. Na ce sanƙarau ya shigo, bara ma shi ne, ni na ɓoye, a taimake mu da ƙwaya. Na biya ta ƙofar dagaci na gaya masa abin da ke cikin takardar. Ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya ba ta lafiya, bai ce in tsaya ba. Na hau keke na kai wasiƙar Gimi, daga nan na miƙe wajen Ikara wurin abokin nan nawa da na yi wa dariya, don na san shi an aiko masa.

Rana ta take na isa. Ya ba ni ruwa, ya saurare ni har na gama, bai ce mini komai a kan bara ba, ko da yake ya sani. Ya shiga ya fito da kwalba ya miƙo mini. Fanko ce. Ya ce shekaranjiya ya ba da ta ƙarshe, ya aika a ƙaro, yana jira shi ma. Na jijjiga kwalbar, na leƙa cikinta, kamar wanda bai yarda ba. Da zan tafi ya raka ni ta wajen bukkokinsu, na ga yara uku a inuwar wata tsamiya suna shan kunu, ɗaya har tana faɗa da ƙaninta a kan ludayi. Ya ce satin da ya wuce duk ukun a sandare aka kawo su. Na san ya nuna mini ne don in samu ƙarfin zuciya cewa maganin na aiki. Ni kuwa ban taɓa ganin abin da ya ƙona mini rai kamar yaran nan masu shan kunu ba, Allah ya yafe mini.

Bayan magariba na iso gida. Ta daina gane mutane. Kwana biyu muka yi a kanta. Na riƙa jiƙa zane ina shafa mata, na ba ta kwinin ma, ba don zai yi komai ba sai don na kasa zama hannu biyu. Duk ƙarar da na ji daga hanya sai in fita in duba ko mota ce. Uwarta ta ajiye kunyar nan gaba ɗaya. A gaban matan unguwa ta ɗauke ta ta ɗora a cinya, tana kiran sunanta a hankali, tana sake kira, sunan da shekara bakwai ban ji ya fito daga bakinta ba. Ba wadda ta ce mata komai. A rana ta uku da safe yarinyar ta buɗe ido ta dube ni ta ce, "Malam, kaina." Na ce mata sannu, magani na zuwa. Tsakanin azahar da la'asar ta cika.

Duk gari ya fito jana'izarta. Sahu ya kai har bakin hanya, Fulani sun zo daga ruga, dagaci yana sahun gaba. An yi mata wanka a ɗakin uwarta, an sallace ta a ƙofar gida, ba ɗan doka ba duba-gari. Ina tsaye sai na ga cewa wannan shi ne abin da na yi ƙarya don mutane su samu, ga shi ni ma an ba ni nawa cif. Kowa ya riƙe hannuna sai ya ce kwana ne ya ƙare. Na yi imani da haka, har gobe ina kan imanin. Amma na san Allah ya saukar da magani, ya kawo shi har Zariya, aka tambaye ni ko ina so, na ce babu.

Washegari na buɗe asibiti, don akwai wasu a kwance. Na rubuta sunanta a littafi, cikakke da nawa a gaba, na rubuta ciwon da sunansa.

Kwana biyu bayan haka mota ta zo da Likita da duba-gari da akwatin ƙwaya. Na shirya wa faɗa, har ina so a yi mini. Bai yi ba. Ya cire hularsa ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce in ɗauko littafin bara. Muka zauna a rumfa, ya riƙe jan alƙalami, ya ce in nuna masa waɗanda na ɓoye ɗaya bayan ɗaya. Ina nunawa yana gyarawa. Na tuna kowannensu, har da ɗakin da yake kwance. Da muka gama ya gaya mini abin da ban sani ba. Ganin takardata ta fito fes, ya ɗauka ciwon bai ratso ɓangarenmu ba sam, saboda haka ƙauyukan da ke wajen Taba ma bai sa su cikin lissafin masu buƙata ba. Ya ce shi a Zariya ba shi da ido sai namu, kuma maganin da aka tabbatar da aikinsa ba ya amfanar garin da ba a san yana ciwo ba. Ba a kore ni ba, don babu wanda zai maye gurbina a tsakiyar annoba. Da an kore ni ina jin da na fi samun sauƙi.

An kafa bukkokin, an rufe kasuwa, duk abin da ake tsoro ya faru. Sai dai a wannan karon mutane suna shiga a sandare suna fitowa da ƙafafunsu. Ba duka ba, amma da yawa. Da gari ya ga haka, waɗanda suka ɓoye marasa lafiyarsu a ƙuryar ɗaki suka fara kawo su da kansu tun kafin wuya ya ƙage. Jikan dagaci yana cikin waɗanda suka tashi, ni na ba shi ƙwayar da hannuna. Dattijon bai taɓa tayar mini da maganar ba har ya rasu, sai dai tun daga lokacin in muna gaisawa ƙasa yake kallo. Ban riƙe shi a rai ba. Shi roƙo ya yi, alƙalamin a hannuna yake.

Maza sun san yadda aka yi, amma a cikin gidaje wani labari ne ya yaɗu. Matan da ke zuwa wa uwar yarinyar gaisuwa suna cewa Turawa ne suka riƙe magani a Zariya sai da mutane suka mutu, Allah ya isa. Wasu kuma suna zuwa godiya, mijinki ya ceci ɗana, ga ɗan gero ga 'yar kaza. Tana karɓa tana cewa Allah ne. Ta rame, ta daina dogon magana, amma ba ta fasa aikin gida ba. Ni kuma na bar labarin Turawan nan yana yawo, don ya yi mini daɗin fakewa.

Bayan ruwan farko ya sauka ciwo ya lafa, wata rana da yamma na shigo na same ta tana tsince wake a tsakar gida. Ba ta ɗago ba ta ce tana so ta ga ƙwayar. Na koma asibiti na ɗauko guda ɗaya a takarda na kawo. Ta goge hannunta a zane ta karɓa, ta sa a tafinta. 'Yar fara ce, ba ta kai ƙwayar gurjiya ba. Ta daɗe tana kallonta.

Ta ce, "Wannan ce?"

Na ce ita ce. Ta tambaye ni ko da an ba yarinyar da ta tashi. Na ce Allah ne masani, amma yawancin waɗanda aka ba da wuri sun tashi. Ta gyaɗa kai.

Ta ce, "Malam, me muka yi wa Turawan nan da suka hana mu ita?"

Da na yi shiru da ta tafi kabari da wannan. Na zauna a kan turmi na gaya mata duka, tun daga zauren dagaci har tambayar da Likita ya yi mini a rumfa da amsar da na ba shi. Ban rage komai ba, ban kuma ce don tausayi na yi ba. Tana saurare, idonta na kan tafin hannunta. Na gama na jira ta yi kuka, ko ta zage ni, ko ta ce in kai ta gidansu. Duk wanda ta zaɓa na cancanta. Mun ƙara shekara talatin da wani abu tare bayan wannan yammacin, mun haifi wasu 'ya'ya mun aurar, ba ta taɓa ɗaga maganar ba ko a cikin faɗa, kuma har ta rasu ban san ko ta yafe mini ba, don ban taɓa samun ƙarfin halin tambaya ba.

Abin da ta yi a ranar shi ne ta naɗe ƙwayar a takardarta a hankali, ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba.

Ta ce, "Mayar da ita kada ta ɓace. Ta ɗan wani ce."